Tarihin gyaran Magiya da Keita: kuɗin furoje sun ƙare, aikin na wa ne?

Yau tarihinmu zai kai mu jihar Tawa, ƙasar Adar, inda aka yi manyan ayyuka biyu na farfaɗo da ƙasa da kuɗin tallafi.

Mu fara da kwarin Magiya. Ruwan da ya sauka a kan duwatsun yankin Buza shi ke gangarowa ya bi ta wajen Birnin Ƙonni, ya faɗa tafkin Kalmalo a Najeriya. A hanya akwai madatsun Mozage da Zango masu shayar da gandun noman rani na Ƙonni. Ke nan in tudu ya zama fako, ruwa ba ya tsayawa. Sai ya sauko da ƙarfi, ya yanka kwazazzabai, ya kwashi rairayi ya zuba a fadama da madatsai. Mai albasa a ƙasa shi ke biyan ɓarnar da aka yi a bisa.

Bayan farin 1973, iska ta addabi kwarin, tana binne shuka tun tana ƙarama. A 1975 ƙungiyar CARE ta sa kuɗi, tare da ma'aikatan gandun daji da talakawan garuruwa, aka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, da tazarar kamar mita 100 tsakani. Sannu a hankali layukan suka kai ɗaruruwan kilomita. Amma da itatuwan suka isa sara, sai magana ta taso: iccen nan na wa ne? Na mai gona, na gari, ko na gwamnati? Dokar lokacin ta bai wa gandun daji iko, shi ya sa sai da aka zauna aka tsara yadda za a sassabe rassa da yadda za a raba.

A 1984, shekarar yunwar da muke kira El Buhari, aikin Keita ya kankama. Italiya ta ba da kuɗi, FAO ta riƙe aikin, PAM kuma ta biya ma'aikata da abinci. Maza da yawa sun tafi bida, don haka mata ne suka fi ɗaukar duwatsu a ka. Gyaran ya bi ruwa tun daga tushensa: ramuka a jikin tsauni, jerin duwatsu a kan fako, madatsai a cikin kwazazzabai, dashe a kan tudun rairayi. Zuwa farkon shekarun 2000 an dasa itace wajen miliyan 18, an farfaɗo da fiye da hekta 34,000.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Kowane tallafi yana da ranar ƙarewa, amma damina kowace shekara sai ta zo. Jerin dutse in ya ɓalle wuri guda ba a toshe ba, ruwa nan zai bi ya buɗe sabon kwazazzabo. Wurin da mutane suka san nasu ne, suna cin amfaninsa, za su gyara ba sai an ba su buhu ba. Wurin da ake kira "na furoje" kuwa, kowa jiran kowa yake.

Saboda haka in wata ƙungiya ta zo garinmu da kuɗin gyaran tafki ko kwari, mu yi mata maraba, amma mu yi tambaya tun ranar farko, a gaban mai gari da magajin gari. Filin in ya farfaɗo, wa zai noma shi? Icce da ciyawa wa ke da su? Makiyaya ina za su bi? Matan da suka ɗauki dutse mene ne rabonsu? Kuma wa zai gyara madatsa shekara biyar bayan motocin sun tafi? A rubuta amsoshin, kowa ya sa hannu.

Ƴan Keita, Buza da Ƙonni, ku faɗa mana halin da ayyukan nan suke ciki a garuruwanku yau. Allah ya ba mu damina mai albarka.