Daga Amanar Fatake Zuwa Takardar CAC: In An Yi Asara, Wa Zai Ɗauka?

Yau kasuwa za mu shiga, amma ta ƙofar tarihi.

Tun 2024, da aka ce duk mai sana'ar POS sai ya yi rajista da hukumar CAC, kalmar "rajista" ta shiga bakin matasa. Mai sayar da waya a Farm Centre, mai turaren wuta a Instagram, mai ɗinki, kowa na neman satifiket. Abin da na lura shi ne, da yawa suna karɓar takardar ba su san alkawarin da ta ɗaukar musu ba. Ita kuwa takardar, amsa ce ga wasu tsofaffin tambayoyi biyu: in an yi asara wa zai ɗauka, in mai dukiya ya rasu kuma me zai saura?

Mu koma zamanin fataucin goro. Ayari zai tashi daga Kano zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yanzu, tafiyar watanni, madugu a gaba. Ba duk kayan da ke kan jakunan nan ne na masu kora su ba. Attajiri yana zaune a gida, ya ba yaronsa jari, yaro ya tafi ya juya, in ya dawo a raba riba yadda aka yi magana. Kada ku ɗauka kara zube ake yi. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala da Muhtasar, suna da babi a kan wannan ciniki, shi ne ƙiradi, wanda bankunan Musulunci na yau ke kira mudaraba. Ƙa'idarsa a fili take: riba a raba bisa kason da aka amince, asara kuwa ta mai jari ce, shi mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza, sai fa in an tabbatar ya yi sakaci ko ya ci amana. In rigima ta taso akwai alƙali, akwai shaidu, akwai fatoma mai masauki da ya san kowa a zango. Abin da ya fi duk waɗannan tsoratarwa shi ne sunanka ya ɓaci, don in ya ɓaci a Kurmi, labari zai riga ka isa Salaga.

Tsarin ya yi aiki ɗaruruwan shekaru. Inda yake da rauni shi ne, kasuwancin da mai shi abu ɗaya ne. Ranar da maigida ya kwanta dama, dukiya ta zama gado, a raba wa magada, yaran gida kowa ya kama gabansa. Gidan ciniki nawa kuka ji labarinsa a wajen kakanni, yau ko rumfa babu?

Alhassan Ɗantata ya ga wannan da idonsa. Mahaifinsa madugu ne mai dukiya, ya rasu Alhassan yana yaro, aka raba gado, shi kuma sai da ya sake ginawa da kansa ta hanyar goro. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya zama babban mai saya wa kamfanin Turawa. An ce a 1929 raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya a bankin Turawa da ke Kano. Masu rubuta tarihinsa sun ce da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa ya roƙe su kada su bar kamfanin Alhassan Dantata & Sons ya rushe. Ku lura da abin da ya damu dattijon nan. Kuɗi kam akwai su. Abin da yake so shi ne gidan cinikin ya rayu bayansa, kuma ya rayu ɗin.

To ita wannan dabara ta "kamfani", daga ina ta zo? Nan sai mun leƙa Ingila, don dokarmu can ta samo asali. A 1855 majalisarsu ta yarda masu hannun jari su iyakance alhakinsu, wato in kamfani ya karye, abin da ka zuba kawai za ka rasa. Amma shari'ar da ta kafa maganar daram ita ce ta wani mai yin takalma a Landan, Aron Salomon. A 1892 ya mayar da sana'arsa kamfani. Doka a lokacin ta ce sai mutum bakwai, sai ya sa matarsa da 'ya'yansa biyar, kowa hannun jari ɗaya tak, shi kuma ya riƙe 20,001. Ba a daɗe ba ciniki ya lalace, kamfani ya durƙushe da bashi. Aka kai ƙara cewa ai wannan kamfani rufa-rufa ce, Salomon ne dai ya sake riga, don haka ya biya daga aljihunsa. Kotuna biyu suka yarda da haka. Da aka je kotu mafi girma a ƙasar, a Nuwamban 1896, sai ta juya hukuncin: tunda an yi rajista yadda doka ta ce, kamfani mutum ne daban a idon shari'a, bashinsa nasa ne.

Ni dai har gobe ina tausaya wa masu bin bashin nan, ƙananan 'yan kasuwa ne da suka ba da kaya bisa yarda. Amma hukuncin ya zauna, kuma duk ɗalibin lauya a Najeriya sai ya karanta shi.

A nan gida, dokar kamfanoni ta farko ta zo a 1912, ta Legas ce kaɗai, sai a 1917 ta game ƙasa. Aka sake ta a 1922, aka kuma yin wata a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. A 1990 gwamnatin Babangida ta kawo dokar CAMA, wadda ta haifi hukumar CAC. Ita ma ta ce kamfani sai mutum biyu aƙalla, kuma sai lauya ya rantse cewa an cika sharuɗɗa. Me mutane suka yi? Abin da Salomon ya yi mana. A sa sunan mata ko ƙane a takarda, shi bai ma san ya zama darakta ba.

Shekara 30 ana haka, sai ranar 7 ga Agusta 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar CAMA. Yanzu mutum ɗaya zai iya kafa kamfaninsa. Mafi ƙarancin hannun jarin kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne. Ƙaramin kamfani ba dole ne ya naɗa sakatare ko mai binciken kuɗi ba, kuma mai nema da kansa zai iya sa hannu cewa ya cika sharuɗɗa, ba sai rantsuwar lauya ba.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Abin da yawancin matasa ke yi shi ne rajistar sunan kasuwanci, mai lamba da ke farawa da BN. Tana da araha, tana da sauƙi, za ka buɗe asusun banki da sunan shagonka. Amma ba ta raba ka da kasuwancin ba ko kaɗan. In "Hajara Turaruka" ta ci bashin miliyan biyu, Hajara ce ta ci, kuma kotu za ta iya bin abin da ta mallaka. A wannan fuska, Hajara da kakanta na Kurmi matsayinsu ɗaya, ita dai ta ƙara satifiket a bango. In ta rasu kuma, kayan shagon gado ne kai tsaye.

Kamfani mai lambar RC, wanda ake rubuta Ltd a ƙarshen sunansa, shi ne jikan shari'ar Salomon. Yana mallakar kadara da sunansa, a kai shi ƙara, ya kai ƙara. In mai shi ya rasu, hannun jarin ne ake rabawa a gado, kowa ya sami kasonsa yadda shari'a ta yanka, amma shago da mota da kwangila suna nan a hannun kamfani. Sai dai yana da nasa nauyi. Akwai rahoton shekara-shekara da za ka kai CAC, harajinsa kuma na hukumar tarayya ne, saɓanin mai sunan kasuwanci da ke biya a jiha a matsayin harajin kansa. Kuma katangar ba ta ƙarfe ba ce. Banki zai iya cewa ba zai ba kamfaninka rance ba sai kai ka tsaya masa da kanka, kana sa hannu kuwa katanga ta faɗi. Haka in aka kama an yi amfani da kamfani don damfara, kotu za ta tsallake shi ta kamo mai shi. Ga kuma ɗabi'ar nan tamu ta zaro kuɗin cefane daga asusun kamfani, wadda ke sa ranar rigima a rasa gane na wa ne na wa.

Abin da ya fi burge ni a dokar 2020 shi ne haɗin gwiwar da ake kira LP. Mutum ɗaya yana tafiyar da harka, wani kuma ya zuba kuɗi ya koma gefe, alhakinsa bai wuce abin da ya zuba ba. Ku ce ba ku ji ƙamshin ƙiradi ba! Ba iri ɗaya ba ne sak, don a LP mai tafiyarwa yana ɗauke da bashin harkar gaba ɗaya, amma ga yayan da ke ƙasar waje yana turo wa ƙanensa jari, wannan ya fi "ai ɗan uwana ne" kariya nesa ba kusa ba. Akwai kuma LLP, inda abokan haɗin gwiwa duka ke samun kariya.

Lauya fa? In kai kaɗai ne da ƙaramin shago, za ka iya yin rajistar suna a shafin CAC ba tare da shi ba. Amma da zarar kuɗin mutum biyu sun haɗu, ni a ganina nan ne kuɗin lauya ke halatta. Ba don cika fom ba, don ya rubuta muku yarjejeniya: kowa nawa ya kawo, wa ke sa hannu a banki, in ɗaya ya ce zai fita ta yaya za a kimanta kasonsa, in ɗaya ya rasu magadansa za su shigo ne ko a biya su. A haɗin gwiwa na gama-gari, in ba ku rubuta akasin haka ba, mutuwar ɗayanku tana warware haɗin gaba ɗaya, ko da shagon yana tsakiyar kawo riba.

Masu tambaya a kan rajistar ƙungiyoyi da gidauniyoyi, wannan babi ne daban a dokar, shi za mu ɗauka a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu.