Tarihin Koya wa Ɓera Tsoro a Ɗakin Gwaji

Gwajin koya wa dabba tsoro ya samo asali ne daga aikin Ivan Pavlov, masanin Rasha wanda ya nuna cewa kare yakan haɗa wata alama da zuwan abinci, har yawunsa ya zubo tun kwano bai iso ba. A 1920 John Watson da Rosalie Rayner na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka karkata dabarar zuwa ga tsoro. Jariri suka yi wa gwajin: da ya kai hannu ga farin ɓera sai a buga ƙarfe da guduma a bayansa, har ta kai ganin ɓeran kaɗai yana sa shi kuka. Babu hukumar bincike da za ta lamunci wannan a yau. Daga baya gwajin ya koma kan ɓeran kansa: a sa shi cikin akwati mai daɓen sandunan ƙarfe, a kunna sauti, sannan a bar wutar lantarki kaɗan ta ja shi a ƙafa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin magabatan fannin shi ne gudu. A 1947 Hobart Mowrer ya bayyana cewa abin mataki biyu ne: dabba takan fara koyon tsoron alamar, sannan ta koyi duk wani aikin da ke raba ta da wannan tsoron, sauƙin da ta ji kuwa shi ne ladanta. Neal Miller na Jami'ar Yale ya gwada haka a 1948 da akwati mai ɗaki biyu, fari da baƙi. Ɓerayen da wuta ta ja a farin ɗakin sun koyi murza wata 'yar taya don buɗe ƙofar fita, alhali an riga an kashe wutar. A Harvard, a 1953, Richard Solomon da abokan aikinsa sun ga karnuka suna tsallake shinge sau ɗaruruwa bayan an daina sakin wuta. Dalilin a fili yake: wanda kullum yake gudu ba zai taɓa tsayawa ya gane cewa haɗarin ya wuce ba.

Sai akalar binciken ta juya. Robert da Caroline Blanchard a 1969, da Robert Bolles a 1970, sun jawo hankali ga abin da ɓera yake fara yi in ya ji haɗari, wato ƙamewa wuri guda, babu motsi sai numfashi. Ƙamewa tana da sauƙin aunawa da agogo, kuma sau da yawa haɗa sauti da wuta sau ɗaya ya isa. Da irin wannan ma'auni Joseph LeDoux da wasu suka bi sawun saƙon daga kunne zuwa amigdala, wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa inda sauti da zafi suke haɗuwa. An samu ilimi mai yawa, amma an yi shekaru an yi wa gudu riƙon sakainar kashi.

A 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda aka fi sani da PTSD, cikin kundin cututtukanta. Nan aka ga cewa tsoron sauti ɗaya bai kama ƙafar wannan ciwo ba, don haka aka ƙirƙiro gwaje-gwaje masu tsanani. A 1997 Israel Liberzon na Jami'ar Michigan ya fito da tsarin ɗaure ɓera awa 2, a sa shi iyo dole na minti 20, a shaƙa masa sinadarin ether har ya suma, sannan a ƙyale shi kwana 7. Irin wannan ɓera yakan daɗe bai saki tsoron da ya koya ba. Hagit Cohen ta Jami'ar Ben-Gurion ta yi amfani da ƙasar da kyanwa ta yi fitsari a ciki don tsorata ɓeraye, ta kuma kawo gyara mai muhimmanci: a ware ɓerayen da abin ya yi wa illa sosai daga waɗanda suka farfaɗo, domin a cikin mutane ma ba duk wanda ya ga bala'i ne ciwon ke kamawa ba. Wahalar da ake ba dabbobin nan ba ƙarama ba ce, shi ya sa tilas kowane gwaji ya amsa tambayar ko amfaninsa ya kai.

Gudu ya dawo fagen bincike ne saboda yana cikin manyan alamomin ciwon: mara lafiya ya daina bin wata hanya, ko shiga mota, ko zancen abin da ya faru. A 2014 ɗakin gwajin Gregory Quirk a Puerto Rico ya fito da akwati mai dandamali a kusurwa. Ɓera mai yunwa yana danna sanda ya samu abinci. In sauti ya tashi, ko ya hau dandamalin ya tsira ya rasa abinci, ko ya ci gaba da ci wuta ta ja shi. Bayan an daina sakin wuta, yawancinsu sukan koma ga abincinsu, wasu kaɗan kuwa sukan ci gaba da hawa dandamalin. A kan waɗannan kaɗan ɗin ake nazarin sassan gaban ƙwaƙwalwa da ke hana gudun gushewa, da kuma hanyoyin inganta maganin da ake yi wa mutane na fuskantar abin tsoro sannu a hankali.