Daga wuri zuwa liyari: kuɗin kakanninmu

A hedikwatar Babban Bankin Najeriya da ke cikin Abuja akwai ɗakin adana tsofaffin kuɗi, amma da wuya ka ji ɗan kasuwarmu ya ce ya taɓa leƙa shi. Ni ɗan fatake ne, shi ya sa abin yake damuna.

Turawa da Larabawa suna da tsabar kuɗi mai ɗauke da sunayen sarakunansu tun zamanin da. Mu kuwa namu kuɗin daga teku ya fito. Wuri ne, kuma kalmar "kuɗi" kanta jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake ɗebo shi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731. Da Bature Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar dala ɗaya ta azurfa tana daidai da wuri 2,500. Wuri 20,000 shi ne keso ɗaya. Ka duba wahalar mai ƙirga wannan a bakin rumfa, ga mai saye tsaye a kansa!

Nauyin nan ne ya sa fatake suka ƙaunaci liyari, wato dalar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tariza. A nan nake so ku lura. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar a jiki, har bayan zuwan Turawa ƙasarmu. Don haka in wani ya kawo maka liyari yana rantsuwa ya haura shekara 240 saboda lambar da ke jikinsa, kada ka yi saurin ciro kuɗinka.

Turawan mulkin mallaka suka kawo anini mai huji a tsakiya, da kwabo, taro, sisi da sule, har naira ta shigo ranar 1 ga Janairu, 1973.

Roƙona ga matasanmu: in kun je gida hutun sallah, ku tambayi tsofaffi. Wasu iyayenmu mata na da liyari da anini a ƙasan adaka. Ku rubuta sunan mai shi da garin da ya samo shi, tun kafin magada su kai wa maƙeri ya narke.