Abin da Iya Abubakar Ya Lissafa

Muna yara a Jimeta, in ɗayanmu ya cinye lissafi, sai malami ya sauke tabarau ya ce, "Kai kuma Iya Abubakar za ka zama?" Ba mu taɓa ganin mutumin ba. Labaransa dai muke tsinta a majalisa, wasu gaskiya, wasu an zuba musu gishiri har sun yi yawa: wai ya kunyata Turawa a ƙasarsu, wai inji ma bai kai shi sauri ba. Amma ainihin me ya lissafa, babu wanda ya taɓa gaya mana. Ni kaina sai da na yi furfura a aikin koyar da fiziks kafin na bi diddigi.

An haife shi a 1934 a Belel, ƙasar Maiha, can bakin iyakar Kamaru. Ya bi ta Kwalejin Barewa a Zariya, ya fita Ibadan da daraja ta ɗaya a lissafi, sannan ya wuce Kambirij a Ingila ya yi digirin dakta. A 1962 ya buga bincike a kan abin da ke faruwa idan girgiza mai ratsa jikin dutse ko ƙarfe ta ci karo da fuska mai tudu da kwari.

Wanda ya tashi a bakin Binuwai ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ka tsaya a gadar Jimeta cikin watan Agusta, kogi ya cika ya batse, ka dubi igiyar ruwan da kwalekwale ya bari a bayansa. In ta bugi ginshiƙin gada mai santsi, tana dawowa a shirye, layi bayan layi. In ta bugi gaɓa mai duwatsu, sai ta tarwatse, wani sashe ya yi gabas, wani ya yi kudu. To, wannan tarwatsewar ita Iya ya zauna ya kama da alƙalami, sai dai tasa igiyar ba a ruwa take tafiya ba, a cikin ƙasa take. Masu neman man fetur da masu nazarin girgizar ƙasa irin wannan amsa kuwwar suke karantawa su san abin da ke binne.

A daidai wannan lokacin, a Amurka, wani Roy Glauber yana fama da wata igiyar, ta haske. An ƙera leza ta farko a 1960, kuma masana sun rasa takamaiman abin da ya raba haskenta da na fitila, ban da cewa siriri ne mai launi ɗaya. Haske ƙwayoyi ne ƙanana, ana ce musu foton. A 1963 Glauber ya fito da lissafin yadda ƙwayoyin nan ke isa ga na'urar da ke ƙirga su. Na fitila da na tauraro sukan zo a dunƙule, kamar shanu a ƙofar shinge, biyu uku su turo kai tare, sai kuma a ɗan yi shiru. Na leza kuwa kamar yayyafi a kan kwano, kowane ɗigo ba ruwansa da ɗan'uwansa. Daga nan fannin nazarin ƙwayar haske ya tsaya da ƙafarsa.

Glauber bai bar teburinsa na jami'ar Harvard ba. Shekara 42 bayan wancan aikin, a 2005, aka ba shi kyautar Nobel. Mutum ne mai barkwanci, don ya yi shekaru shi ke riƙe tsintsiya yana share jiragen takarda da 'yan kallo ke jefawa a bikin kyautar raha ta Ig Nobel. Ya rasu a 2018.

Namu kuma fa? A 1967 Iya ya zama farfesan lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello. A 1975 aka naɗa shi shugabanta, ya bar kujerar a 1978, shekarar zanga-zangar da ɗalibai suka yi wa kwamishinan ilimi Ahmadu Ali, wadda aka zubar da jini a Samaru. Shagari ya ba shi ministan tsaro a 1979, daga baya na harkokin cikin gida. Daga 1999 zuwa 2007 shi ne sanatan Adamawa ta Arewa.

Ban ga laifinsa ba, kuma ban cika ganin laifin waɗanda suka janye shi ba. Arewa a wancan zamanin masu digiri da yatsa ake ƙirga su, ofisoshi kuwa ga su nan birjik. In gari yana da rijiya ɗaya, ba ta zaɓen guga. Amma raina yana sosuwa in na tuna al'adar da ta kafu daga nan: yaro ya nuna kai a kimiyya, sai dangi su fara yi masa fatan kujera. Ban taɓa jin tsohuwa ta yi wa jikanta addu'ar ya shekara arba'in a kan tambaya ɗaya ba.

Ita ma jami'ar da aka kafa mana don kimiyya haka ta yi ta tangal-tangal. An kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Yola a 1981, Iya yana minista. A 1984 gwamnatin soja ta mayar da ita reshen Jami'ar Maiduguri, sai 1988 ta sake cin gashin kanta. A 2011 aka sa mata sunan Modibbo Adama, malamin da ya kafa Yola a 1841. Yanzu ma an cire "fasaha" daga sunan. Tana can tsallaken kogi, a Girei.

A makarantar da na yi koyarwa ta ƙarshe, ɗakin gwaje-gwajenmu kabad biyu ne da makullin da ya ɓata. Sai na sayi ɗan tocilan leza, irin wanda ake rataya wa makulli, a kasuwar Jimeta. Na rufe tagogi, na tsinko silin gashi ɗaya daga kan wani ɗalibi (ya yi ƙara, aji ya kwashe da dariya), na miƙe shi a gaban jan hasken, na nufi bangon ƙarshen aji. Maimakon ɗigo ɗaya, sai ga jerin ɗigo-ɗigo sun kwanta a layi, na tsakiya ya fi haske, na gefe suna dusashewa. Na sa su auna tazarar da rula, muka fitar da kaurin gashin. Ajin ya yi tsit yadda ban taɓa ji ba.

Na ce musu wannan halin igiya ne, ta sami cikas ta karkasu, kuma akwai ɗan Belel da ya yi lissafin irin wannan a Kambirij tun kafin a haifi iyayensu. Na rubuta sunansa a allo.

Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, wannan ba sanata ba ne?"