Ƙaramar Motar Birni: Abin da Shekara 70 Suka Koya Mana



Kusan duk shekara kamfanonin motoci kan baje zanen wata 'yar ƙaramar mota, su ce ita ce za ta raba biranen gobe da cunkoso. Yawanci ta gwaji ce, ba a ƙera ta don kasuwa. Mu da muke sha'awar rubuta labarin birnin gobe, ya kamata mu san cewa wannan buri ya kai shekara 70, kuma tarihinsa ya nuna cewa ƙanƙanta kaɗai ba ta sayar da mota, sai mai zanen ya san wanda zai shiga cikinta.

Mu fara daga Italiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da talaka ba shi da kuɗin babbar mota. Kamfanin Iso na Renzo Rivolta, wanda ya saba ƙera firiji da babura, ya fito da Isetta a 1953. Tsawonta bai kai mita biyu da rabi ba. Ƙofarta ɗaya ce tal, a goshi take, in an buɗe ta sitiyari ya biyo ta waje. A gida ba ta yi kasuwa ba, amma kamfanin BMW na Jamus ya sayi izinin ƙera ta, ya sa mata injin babur mai silinda ɗaya, ya fitar da sama da 160,000 tsakanin 1955 da 1962. Da tattalin arzikin Jamus ya farfaɗo sai aka juya mata baya, domin kujerarta ta mutum biyu ce, magidanci kuwa yana son ɗaukar iyalinsa.

A Ingila, matsalar fetur ce ta haifi motar da ta fi kowace tasiri. A 1956 Shugaba Gamal Abdel Nasser na Masar ya ƙwace mashigin ruwa na Suez, rikici ya ɓarke, har aka koma raba fetur da kati a Ingila. Leonard Lord, shugaban kamfanin BMC, ya umarci injiniya Alec Issigonis ya zana motar da tsawonta bai wuce ƙafa 10 ba, amma ta ɗauki manya huɗu. Issigonis ya kwantar da injin a gicciye maimakon a tsaye, ya sa akwatin giya a ƙarƙashinsa, ya sa tayoyin gaba su ja motar, sannan ya tura ƙananan tayoyi masu inci 10 can kusurwoyi huɗu. Da haka kusan kashi 80 cikin 100 na shimfiɗar motar ya zama na fasinja da kaya. Mini ta fito a watan Agustan 1959, ba a daina ƙera ta ba sai a 2000, bayan an fitar da sama da miliyan 5. Ta kuma ci tseren Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967, don haka ba wanda ya ji kunyar a gan shi a cikinta. Yawancin ƙananan motocin da ke titunanmu yau tsarin injinta suka gada.

Wannan batu na kunya shi ne ya kayar da Tata Nano a Indiya. Ratan Tata ya sha ganin miji da mata da 'ya'ya a kan babur ɗaya, sai ya yi alkawarin motar rufi 100,000. An nuna ta a Delhi a Janairun 2008, aka fara sayarwa a 2009. Don a rage kuɗi, an sa injin mai silinda biyu a baya, abin share gilashi guda ɗaya, kowace taya da noti uku. Tun kafin ta fito, zanga-zangar manoma kan filayensu ta tilasta ɗauke masana'antar daga Singur zuwa Sanand a jihar Gujarat. Sannan aka yi ta tallarta da sunan mota mafi arha a duniya. Wanda ya yi shekaru yana tara kuɗi don ya sauka daga babur, ba ya son maƙwabta su ce motar marasa hali ya saya. Da yawa suka gwammace tsohuwar mota mai suna. A 2018 aka daina ƙera ta.

To, ina namu a ciki? A 1948 kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da Ape, mai taya uku, don ƙananan 'yan kasuwa. Kamfanin Bajaj ya ƙera irinta a Indiya, daga can ta iso mana. Ita ce Keke Napep, ita ce Adaidaita Sahu da ta samu sunanta a Kano zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta kuma mamaye gari bayan an hana acaɓa a 2013. Ba wanda ya zana ta don Kano, amma ta dace da lungunanmu, da aljihun fasinja, da matan da ba sa son hawa bayan babur, kuma bakanike na gyara ta a bakin titi.

Don haka duk wanda zai sa motar gobe a labarinsa, ko mai lantarki ce ko mai tuƙa kanta, ya amsa tambayoyin da suka ɗaga Mini suka kayar da Nano. Mutum nawa take ɗauka? Wa zai gyara ta in ta tsaya a Kurna? A ina za a caja ta in an ɗauke wuta? In ango ya je ɗaukar amarya da ita, dangi za su yi guɗa ko za su yi tsaki?

Muna jiran ra'ayoyinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.