Ruwan da ke kwance ƙarƙashin yashin Gada

Mai son gane yadda sauyin yanayi ke taɓa ruwan ƙarƙashin ƙasa a Riko da sauran ƙauyukan Jibiya, kada ya tsaya ga jimillar ruwan sama na shekara, ya dubi yadda ruwan ke sauka. Mafi yawan ƙasar Katsina a kan tsohon dutse take zaune, wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa. Dogaron mai noman rani yana ga yashin kogin Gada da fadamunsa, inda ake haƙa kaɗan a tarar da ruwa. Sai dai rumbun ƙarami ne: damina ɗaya ke cika shi, kuma zafin bazara da injinan ban ruwa na iya yashe shi kafin wata ta faɗi. Shi ya sa igiyar guga ke neman ƙari tun watan Maris.

Wani zai ce ai damina ta farfaɗo bayan farin 1973 da na 1984, har bincike a kewayen Yamai ya nuna ruwan ƙasa ya taso da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Haka ne, amma sarar daji ce ta jawo hakan: ruwa ya riƙa gangarawa tafkuna, yana nutsewa cikin ƙasa mai zurfin yashi. Inda dutse ke kusa, lissafin daban ne. Ruwan da ya zubo kamar da bakin ƙwarya, irin wanda ya haddasa ambaliyar Jibiya a Yulin 2018 wadda ta ci rayuka da dama, yana cika yashin kogi cikin dare ɗaya, ragowar ta wuce. Rijiyar kan tudu kuwa yayyafi mai daɗewa take so.

Ragowar nan ba ta san iyaka ba. Gada shi ne Gulbin Maradi idan ya shiga Nijar, kuma abin da madatsar Jibiya ta tare, mai ɗaukar kimanin kubik mita miliyan 142, fadamun Madarumfa ba su samu ba. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta sa wannan kogi cikin ruwan da Najeriya da Nijar za su raba bisa adalci, amma rabo na buƙatar awo, kuma zurfin rijiyoyin ɓangarorin biyu ya kamata a riƙa aunawa tare, wata-wata, musamman daga Fabrairu zuwa Mayu.