Tom da Jerry: Tarihin Muzuru da Ɓera

Tom da Jerry jerin gajerun finafinan katun ne da William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro a kamfanin MGM na Amurka a 1940. Tushen labarinsa ɗaya ne: muzuru mai suna Tom yana farautar ɓera mai suna Jerry a cikin gida, ɓeran ya fi shi wayo, kusan kullum muzurun ne ke kwana da ƙulu a ka.

Fim na farko, Puss Gets the Boot, ya fito a gidajen silima a watan Fabrairun 1940. A cikinsa sunan muzurun Jasper, yana tafiya da ƙafa huɗu, gashinsa buzu-buzu kamar kowace kyanwa. Manyan kamfanin ba su ga abin a zo a gani ba, domin rigimar kyanwa da ɓera tsohon zance ce ko a wancan zamani. Sai ga fim ɗin cikin waɗanda aka zaɓa su yi takarar lambar yabo ta Oscar. Fred Quimby, shugaban sashen katun, ya ba da izinin a ci gaba, aka raɗa musu sunayen da muka sani, suka fito da su a The Midnight Snack a 1941.

Daga 1940 zuwa 1958 aka fitar da finafinai 114 da Hanna da Barbera suka yi, kowanne kimanin minti 7. Waɗannan su ne ƙashin bayan jerin, kuma su ne mutane ke nufi idan suka ce na da ya fi. Barbera ke tsara labari da dabarun ban dariya, Hanna ke auna lokaci, wato daƙiƙa nawa Tom zai yi yana kallon wutsiyarsa cikin tarko kafin zafin ya kai masa ƙwaƙwalwa. Ihun da ke biyo baya ma muryar Hanna ce. Kowane motsi da hannu aka zana shi, hoto bayan hoto, sannan Scott Bradley ya rubuta kiɗan da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa za ta buga daidai da kowane taku da kowace faɗuwa.

A duba The Cat Concerto na 1947. Tom ya hau dandali cikin baƙar kwat, ya zauna gaban fiyano zai buga wani kiɗa na Franz Liszt, bai san Jerry na barci a cikin fiyanon ba. 'Yan gudumomin da ke bugun tsirkiya suka tashe shi. Faɗa ya kaure, amma kiɗan bai tsaya ba, da shi ake dukan da shi ake ramuwar. Daga ƙarshe Jerry ya riƙa maimaita ƙarshen kiɗan daga ciki, Tom na bi dole don kada ya ji kunya, har ya kife a kan fiyanon, ɓera ya fito ya karɓi tafi. Fim ɗin yana cikin guda 7 da suka ci Oscar tsakanin 1943 da 1953. Quimby, wanda ba mai zane ba ne, shi ya riƙa karɓar lambobin da sunansa.

Da wuya Tom ko Jerry su yi magana, kuma wannan shirun ne ya kai su ko'ina ba tare da tafinta ba. A Najeriya, cikin shekarun 1980 da 1990, tashoshin talabijin kan saka shi a shirye-shiryen yara da yamma, daga baya kaset ɗin bidiyo ya shigar da shi gidaje. Yaron da bai iya Turanci ba yana fahimtarsa tsaf, ga shi kuma ya saba da tatsuniyar Gizo, inda wayo ke kayar da ƙarfi.

Akwai tabo a tarihin. A finafinan farko akwai wata baƙar mace mai ƙiba, da aka fi sani da Mammy Two Shoes, wadda kusan ba a nuna fuskarta, aka zana ta da irin raini da Hollywood ke yi wa baƙaƙen fata a lokacin. Lillian Randolph ce ta yi muryarta. An daina saka ta bayan 1952, kuma da tashar CBS ta fara nuna jerin a talabijin a 1965, an sake zana wasu wuraren an sauya ta.

MGM ta rufe sashen katun a 1957, bayan ta lura cewa sake nuna tsofaffin finafinai na kawo kuɗi ba tare da kashe ko sisi a kan sababbi ba. Hanna da Barbera suka kafa nasu kamfani, suka koma yi wa talabijin aiki mai araha, inda The Flintstones da Scooby-Doo suka fito. MGM kuwa ta miƙa muzuru da ɓera ga Gene Deitch, ya yi guda 13 a birnin Prag a 1961 da 1962 da kuɗi kaɗan. Motsinsu a sandare yake, sautinsu kamar daga cikin rijiya, ko da yake sun yi kasuwa. Chuck Jones ya karɓa daga 1963 zuwa 1967 ya yi 34, ya ba Tom kaurin gira, ya ƙara wa Jerry kunne. Zanensa ya yi kyau, faɗan ne ya yi sanyi.

A 1975 aka yi abin da ya fi wannan muni. Saboda ƙorafin cewa katun na koya wa yara mugunta, sabon jerin da aka yi wa tashar ABC ya mai da su aminan juna, har aka ɗaura wa Jerry jan laktaye. Fim ɗin silima na 1992 kuma ya ba su baki, suna zance suna waƙa, bai kuma samu karɓuwa ba.

Ɗan kasuwa Ted Turner ya sayi tsofaffin finafinan MGM a 1986, ya buɗe tashar Cartoon Network a 1992, daga 1996 kuma mallakar ta koma hannun kamfanin Warner. Hanna ya rasu a 2001. Barbera ya koma ya jagoranci wani gajeren fim, The Karate Guard, a 2005, yana da shekara 94, ya rasu a shekarar da ta biyo.